Shin Vince McMahon ne ya kashe kamfanin resilin na gidan su Bret Hart?

Tambaya: Malam, mun taso muna kallon Bret Hart a kaset, mai baƙin tabarau da kaya ruwan hoda. Kullum sai ka ji masu sharhi suna cewa ɗan gado ne, wai mahaifinsa har kamfanin resilin gare shi a Kanada. Wane kamfani ne wannan? Kuma da gaske ne Vince McMahon ne ya cinye shi?

Amsa: Sunan kamfanin Stampede Wrestling, mazauninsa birnin Calgary da ke lardin Alberta a yammacin Kanada, mai shi kuma Stu Hart, mahaifin Bret. Ya kafa shi a 1948, ya riƙe shi shekara 36, ya sayar wa Vince, mai kamfanin WWF a lokacin (WWE ta yau), a 1984. Bayan shekara guda ya dawo hannun iyalin, sannan ya rufe a ƙarshen 1989. Batun ko Vince ne ya kashe shi kuwa, ɗan'uwa, ni a ganina majinyaci Vince ya tarar, sai ya kwashe masu jinyar ya tafi da su. Ciwon a cikin gida ya samo asali. Amma ba za ka gane haka ba sai na mayar da kai baya.

Lokacin da Stu ya fara, babu wani kamfani guda da ya mallaki resilin kamar yadda WWE take yanzu. An yanka Amurka da Kanada ne gunduma-gunduma, kowane mai shirya wasa da yankinsa, da tashar talabijin ɗinsa, da gwarzonsa. A 1948 wasu daga cikinsu suka zauna a garin Waterloo na jihar Iowa suka kafa ƙungiyar NWA. Sharaɗin shi ne kowa ya tsaya a gonarsa. Wanda ya kutsa gonar wani sai a yi masa taron dangi, ɗan wasan da ya yi masa aiki kuma a toshe masa hanyar abinci a sauran yankuna. Zakaran duniya ɗaya ne tak, yana zagayawa gari-gari. In ya zo garinku sai ya bar gwarzonku ya gasa masa aya a hannu har jama'a su ce yau kambu ya kwana a gida, can a ƙarshe ya sha da ƙyar, ya naɗe abinsa ya yi gaba.

Yawancin waɗannan yankuna na iyali ne: gidan Crockett a Charlotte, gidan Von Erich a Dallas, gidan Funk a Amarillo, gidan Gagne a Minneapolis, gidan McMahon a Niyok. Hakan yana da dalili. Sana'a ce ta sirri, tun a ɗakin sauya kaya ake yanke wanda zai ci, kuma a wancan zamani wanda ya fasa ƙwai ga 'yan kallo ya gama aiki. Kuɗin ƙofa kuma tsaba ne, da dare ake ƙirga su. To wa za ka damƙa wa sirri da jakar kuɗi in ba ɗan cikinka ba? Wa za ka ɗaura wa kambu ka yi barci da minshari, ka san gobe ba zai tsere da shi wani gari ba? Riƙe wannan, don a nan ƙarfin gidan Hart yake, a nan kuma matsalarsu take.

An haifi Stu a Saskatoon a 1915, kuma talauci na gaske ya taso a ciki. Rigimar fili ta sa iyalinsa suka zauna a tanti a kusa da garin Tofield, a ƙasar da sanyin hunturunta kan kai 30 ko 40 ƙasa da sifili. Da aka kama mahaifinsa kan bashin haraji sai aka kwashe su zuwa Edmonton, a can ya koyi kokawa ta gaske, irin wadda babu shiri a cikinta. A 1940 ya ci kambun Kanada na masu kokawa ba don kuɗi ba a ajin nauyinsa, yana hangen Olamfik, sai yaƙin duniya na biyu ya sa aka soke gasar. Ya shiga sojan ruwa. Bayan yaƙi ya tafi Niyok ya fara resilin na kuɗi a hannun mai shirya wasa Toots Mondt, a can kuma ya haɗu da Helen Smith, 'yar wani ɗan tseren dogon zango da ya wakilci Amurka a Olamfik na 1912. Suka yi aure ranar ƙarshe ta 1947. Helen ba ta taɓa son sana'ar ba. Ita da kanta ta sha ba da labarin cewa ta tambaye shi har yaushe za su zauna a cikinta, ya ce mata shekara biyu kawai.

A 1948 shi da abokinsa Al Oeming suka buɗe Klondike Wrestling a Edmonton. A farkon shekarun 1950 ya sayi yankin Calgary daga hannun Larry Tillman, sunan ya koma Big Time Wrestling, daga baya Wildcat Wrestling, sai a 1967 ya tsaya a Stampede, sunan babban bikin kaboyi da ake yi a Calgary duk watan Yuli, inda ake gasar hawan shanu da dawakai marasa horo.

A 1951 ne ya sayi gidan da ya zama rabin tarihin kamfanin. Katafaren gidan jan bulo ne mai ɗaki 22 a kan tudu, daga gefen gari. A nan suka haifi sauran 'ya'yansu har suka cika 12, maza 8 mata 4, daga Smith a 1948 zuwa auta Owen a 1965. Bret shi ne na 8, an haife shi a 1957. Gidan shi ne ofis, shi ne makaranta, shi ne masaukin baƙi. Helen ke riƙe da littafin kuɗi da tallace-tallace. Stu ke shiga kicin ya dafa wa wannan runduna da duk ƙaton da ya faɗo a kan lokacin abinci. Tsakar gida cike da tsofaffin motocin Cadillac, wasu na tashi wasu sun zama kayan gyara. Akwai lokacin da aka ajiye wata dabbar beyar mai suna Terrible Ted, wadda ake fito da ita ta yi kokawa da mutane, a ƙarƙashin barandar gidan, har Bret yana cewa suna yara sukan ɗiga askirim a yatsun ƙafarsu su zura mata ta lashe.

Yaran kuma ma'aikata ne tun ba su san ma'aikata ba ne. Ƙarami ya sayar da takardar shirin wasa a ƙofa. In ya tasa ya kama ɗaukar ƙarafa da katakon fage, ya kafa, a gama ya kwance. In ya samu lasin ya zama direba. Wayne ya zama alƙalin wasa, Ross ya kama harkar ɗaukar hoto da shirya talabijin, Bruce da Keith da Bret da Owen suka zama 'yan wasa na sosai, Smith da Dean ma sun taɓa. Matan huɗu kuwa, duk da addu'ar uwarsu, kowace ɗan resilin ta aura: Ellie ta auri Jim Neidhart, Diana ta auri Davey Boy Smith, Georgia ta auri B.J. Annis, Alison ta auri Ben Bassarab. Ka lissafa albashin da baƙo zai karɓa a kan waɗannan ayyuka, za ka ga yadda kamfanin ya rayu a shekarun da lissafi ya ce ya kamata ya mutu.

Ɗakin ƙarƙashin ƙasan gidan shi ake kira Dungeon, wato kurkuku, kuma mutane sun ƙara masa gishiri da yawa. Ƙaramin ɗaki ne mai gajeren rufi, da siririyar tabarma a ƙasa, rufin duk ramukan da kawuna da ƙafafun mutane suka fasa. Stu ba tsalle-tsalle yake koyarwa ba. Abin da ya iya shi ne murɗa: ya ce wa ƙaton ɗan ƙwallon zari-ruga ko mai ɗaga ƙarfe ya ba shi hannu ya nuna masa wani ɗan abu, sai ya naɗe shi a ƙasa, ya matse har jijiyoyin ido su yi ja, yana yi masa magana a hankali a kunne. Ana jiyo ihu daga bene. Manufar ita ce wanda zai shiga sana'ar ya san akwai na gaba da shi, ya kuma iya kare kansa in wani ɗan kallo ya ce ai wasan ƙarya ne, bari ya gwada. Fritz Von Erich, wanda daga baya ya kafa tasa daular a Dallas, ta hannun Stu ya bi. Haka Superstar Billy Graham da Greg Valentine. Amma shi Bret, aikin fage na ainihi, yadda ake faɗuwa da yadda ake gina wasa daga farko zuwa ƙarshe, a wurin Japanawa biyu ya koya, Mista Hito da Mista Sakurada. Kuma da yawan waɗanda ake cewa 'yan Dungeon ne, irin su Chris Jericho da Lance Storm, makarantar da ke ɗauke da sunan 'ya'yan gidan suka shiga a 1990, bayan kamfanin ya rufe.

Sai yankin kansa, wanda shi ne babban abokin gabar Stu tun kafin a san da Vince. Alberta da Saskatchewan in ka haɗa su sun fi Najeriya faɗi nesa ba kusa ba, amma a ƙidayar 1981 mutanensu duka ba su fi miliyan 3 da ɗoriya ba. Daren Juma'a wasa a Calgary, a Victoria Pavilion, ɗakin da aka gina don baje kolin dabbobi, mai cin mutum kimanin 2,000. A nan ake ɗaukar shirin talabijin. Asabar a Edmonton, tafiyar kilomita 300. Sauran mako kuma a bi Lethbridge da Red Deer da Regina da Saskatoon, wani lokaci a tsallaka Montana ta Amurka. Daga Calgary zuwa Saskatoon kamar daga Kano zuwa Maiduguri ne, Regina ta fi haka nisa. Ka ɗauka an cusa ƙatti goma sha wani abu a cikin bas guda, kowa ya haura kilo 100, titi ya daskare ya zama gilashi, a je a faffaɗi a kan katako, a juyo cikin dare, gobe a sake. Kuɗin kuma ba su taka kara sun karya ba in ka gwada da Niyok ko Minneapolis.

Saboda haka Stu bai iya riƙe manyan taurari. Mutum uku yake samu: yaro mai koyo, tsoho mai gangarowa, da baƙon ƙetare mai neman ƙofar shiga Amurka. Sai a makon bikin Stampede na Yuli ake kawo irin su Andre the Giant da zakaran duniya Harley Race, a cika babban ɗaki, a samu na biyan bashin hunturu. Duk da haka ya yi sa'ar wasu bosawa da suka riƙe masa kasuwa. Archie Gouldie, wanda ake kira Stomper, ɗan Alberta ne, ya ɗauki kambun Arewacin Amurka na kamfanin sau 14. Akwai Abdullah the Butcher, wanda ake tallatawa a matsayin mahaukaci daga Sudan, alhali ɗan Windsor ne a Kanada, sunansa Larry Shreve. A nan kuma aka ƙirƙiro wasan tsani: a 1972 Dan Kroffat ya kawo shawarar a rataye kuɗi a sama, shi da Tor Kamata su yi rige-rigen hawa. Bret ne ya kai wa Vince dabarar bayan shekara 20, har aka yi wanda kowa ya sani tsakanin Shawn Michaels da Razor Ramon a 1994.

Mutum guda da ba a cika ba shi haƙƙinsa ba shi ne mai gabatarwa, Ed Whalen. Ɗan jarida ne da mutanen Calgary suka yarda da shi, kuma mutuncinsa ne ya sa iyaye ke barin yara su kalli shirin. Ba ya son jini, ba ya son ƙeta ta wuce gona da iri, kuma yana da bakin da zai sa a yanke abin da bai gamshe shi ba.

Abin da ya ɗaga Stampede daga ƙaramin yanki zuwa wurin da masana ke magana a kai har yau ya faru ne a 1978. Bruce ya je Ingila ya ga wani siririn yaro ɗan shekara 19 mai suna Tom Billington, wato Dynamite Kid, ya lallashe shi ya zo Calgary. Stu mai son ƙatti ne, da ya ga yaron bai yi murna ba. Amma da Dynamite ya shiga fage sai aka ga abin da ba a saba gani ba: sauri, duka mai kama da gaske, da faɗuwar da kai mai kallo sai ka ji a bayanka. Ya haɗa salon Ingila na kamun hannu da na Japan mai zafi. Wasanninsa da Bret ne suka mayar da Bret gwani, na shi da Tiger Mask a Japan daga 1981 kuma suka canza yadda ake kallon marasa nauyi a duniya. A 1981 ɗan'uwansa Davey Boy Smith ya biyo shi. Ga Neidhart, wanda ya samo laƙabin Anvil daga gasar jifa da uwar maƙera a bikin Stampede. Ga Bad News Allen, wanda ya ci tagulla a judo a Olamfik na 1976 a Montreal. Jake Roberts da Junkyard Dog ma sun ratsa ta nan kafin duniya ta san su.

Kaset na farko na Stampede da na taɓa gani kwafin kwafi ne, hoton na rawa, launi ya zube. Amma na tuna na mayar da shi baya sau uku a kan faɗuwa ɗaya ta Dynamite, don na kasa yarda mutum zai bugu haka ya miƙe. Jiki magayi: kafin ya cika 40 yana kan keken guragu, ya rasu a 2018 ranar da ya cika shekara 60. Allurar ƙara tsoka da ƙwayoyin kashe ciwo sun yi yawa a wannan ayari, kuma salon da ya ɗaukaka yankin shi ya cinye jikin masu yin sa.

A waɗannan shekaru ne kuma matsalar gida ta fara fitowa fili. Stu ya tsufa, ya bar tsara wasa a hannun 'ya'yansa, musamman Bruce. Bruce yana da basira, shi ya kawo kiɗan shigowa da labarai masu zafi, amma baƙin 'yan wasa da yawa sun yi ƙorafin cewa komai ƙoƙarinka, in ba ka da sunan Hart ko ba ka auri 'yar gidan ba, akwai rufin da ba za ka wuce ba. 'Yan'uwan ma ba bakinsu ɗaya ba, yau wannan ke tsarawa, gobe wancan ya rushe. A kamfanin baƙi in ma'aikaci ya yi ɓarna sai a sallame shi. A nan wanda ya yi ɓarnar zai zauna kusa da kai a teburin abincin Lahadi, uwarsa na kallo. Stu, mutumin da ke sa ƙatti kuka a ƙarƙashin ƙasa, bai iya ce wa ɗansa a'a ba.

Disambar 1983 abin ya fashe. An shirya labari: Stomper ya kawo wani yaro a matsayin ɗansa Jeff, wanda a gaskiya ba ɗansa ba ne. Ana cikin wasan mutum uku-uku da su Bret da Davey Boy, sai Bad News Allen, wanda yake ɓangaren Stomper, ya juya masa baya, ya ɗaga yaron ya soka kansa a daɓe. 'Yan kallo suka ɗauka da gaske ne, wuri ya hargitse, aka tattake wata mata. Ed Whalen ya ce ya ajiye aiki, a gaban kyamara. Hukumar dambe da kokawa ta birnin ta hana Stampede wasa a Calgary wata 6. A fannin sana'a labarin ya yi kyau matuƙa, maganar da Stomper ya yi bayan haka, a sanyaye ba tare da ihu ba, har yau ana misali da ita. Amma ramuwar da aka gina don ta cika ɗaki ba ta samu ɗakin ba. Sai suka koma yin wasa a yankin 'yan asalin ƙasar da ke wajen gari, inda hukumar ba ta da iko, jama'a kuma suka ragu. Ga shi tun 1982 kasuwar man fetur da ta ɗaga Calgary ta faɗi, aljihun 'yan kallo ya yi sanyi.

A wannan hali Vince ya same su. Ya sayi kamfanin mahaifinsa a 1982, ya yi watsi da dokar kowa ya tsaya a gonarsa, ya ɗaura wa Hulk Hogan kambu a Janairun 1984, ya shiga saye tashoshi da taurarin mutane. A Yulin shekarar ya karɓe Toronto. A Agusta Stu, yana da shekara 69, ga Helen da ta daɗe tana roƙon a fita, ya sayar. Adadin da aka fi ambata shi ne dala miliyan 1, a biya dala 100,000 duk shekara har shekara 10, da wani kaso na kuɗin ƙofa a Calgary da Edmonton. Abin da Vince ke so shi ne lokacin talabijin da 'yan wasa huɗu: Bret, Dynamite, Davey Boy da Neidhart. Sauran ma'aikata suka wayi gari babu aiki.

Kuɗin ba su cika ba. Yarjejeniyar ta hana gidan Hart sake shirya wasa a yankin, sai Bruce ya sa hannu a wani sabon kamfani, Vince kuwa, da ma kasuwar ba ta yi masa yadda ya zata ba, ya samu hujjar daina biya. An sayar da akuya ta dawo tana cin danga, sai dai a nan dangar mai sayarwa ta ci. Stu bai ja da shi ba, don ɗansa da surukansa a hannun mutumin suke cin abinci. A ƙarshen 1985 aka sake buɗe Stampede, Bruce na jan ragama. Vince ya riƙe mutum huɗun. A 1986 Dynamite da Davey Boy suka ci kambun 'yan bibbiyu na WWF, a farkon 1987 Bret da Neidhart suka ƙwace daga hannunsu. Wato rigimar da ke cika ɗakuna a Amurka duk 'yan teburin Stu ne, shi kuwa yana Calgary yana neman wanda zai cika kujera 2,000.

Wannan zango na biyu, in don ingancin wasa ne, bai gaza na farko ba. Owen ya fito, kuma a ganina a tsalle da laushin jiki ya fi Bret. Ga Brian Pillman, ga Chris Benoit wanda ya fara a 1985 yana kwaikwayon Dynamite, kuma ka san mummunan ƙarshen da ya yi a 2007, da ya kashe matarsa da ɗansa ya kashe kansa. Japan na turo samarinta su goge: Keiichi Yamada wanda ya zama Jushin Liger, Shinya Hashimoto, da Hiroshi Hase, wanda ya yi wasa da rufin fuska a matsayin ɗan Biyetnam, daga baya ya zama ministan ilimi na Japan. Bosawan lokacin su ne Karachi Vice, Gama Singh wanda ɗan Punjab ne na gaske, da Makhan Singh wanda Bature ne ɗan Michigan mai suna Mike Shaw. Amma reno kawai suke yi wa wasu. Duk wanda ya yi ƙwari sai a ɗauke shi: Bad News da Owen suka tafi WWF a 1988, Pillman ya tafi kamfanin WCW, kishiyar WWF, a 1989. Yara kuma sun ga Hogan a talabijin da fitilu da filaye manya, ɗakin shanu ya daina burge su. Dynamite da Davey Boy sun dawo a ƙarshen 1988, amma gadon bayan Dynamite ya riga ya lalace. Ranar 4 ga Yulin 1989 motar 'yan wasa ta yi hatsari a kusa da Jasper, Davey Boy ya ji rauni, Karl Moffat mai wasa da sunan Jason the Terrible ya karye a ƙafa. A Disamba aka rufe.

To ka ga rabon laifin. Guguwar Vince ba ta bar kowa ba, gidan Crockett sun sayar a 1988, na Gagne da na Von Erich duk sun rufe a farkon shekarun 1990, don haka ko Stampede na da lafiya da wuya ta tsira. Amma ba a tsaye ya same ta ba, kuma damar da ta samu ta fita da kuɗi a hannu, daga cikin gida aka ɓarar da ita.

Sunan gidan kuwa sai bayan mutuwar kamfanin ya kai ƙololuwa. A Agustan 1992 Bret da Davey Boy, suruki da suruki, suka yi babban wasa a Wembley ta Landan gaban mutum kusan 80,000. A Oktoba Bret ya kayar da Ric Flair ya ɗauki kambun WWF karo na farko, a Saskatoon, garin da aka haifi Stu. Ranar 6 ga Yulin 1997 WWF ta kawo wasa Calgary, Bret da Owen da Davey Boy da Neidhart da Pillman suka ci su Steve Austin, aka hau da Stu da Helen da 'ya'ya da jikoki fage ya cika maƙil. In kana son ganin gidan a tsintsiya ɗaya, wannan daren za ka nema. Wata uku bayan haka Pillman ya rasu. A Nuwamba a Montreal Vince ya sa aka tsayar da wasa aka ƙwace wa Bret kambu ba da saninsa ba. Ranar 23 ga Mayun 1999 Owen, ana ƙoƙarin sauko da shi fage da igiya a wasan WWF, ya faɗo daga rufin Kemper Arena a Kansas City, tsayin kusan mita 24, ya rasu yana da shekara 34. Ƙarar da matarsa Martha ta shigar a kan WWF ta ƙare da sulhun dala miliyan 18 a 2000, ta kuma raba gidan biyu, don wasu daga cikin 'yan'uwan mazajensu da 'ya'yansu na neman abinci a wurin Vince. Dean ya riga ya rasu da ciwon ƙoda tun 1990. Helen ta rasu a 2001, Davey Boy a 2002, Stu a Oktoban 2003 yana da shekara 88, bayan Kanada ta ba shi lambar girmamawa ta ƙasa. A 2004 aka sayar da gidan.

Bruce da Ross sun sake tayar da sunan Stampede a 1999, ya yi ta jan ƙafa a ƙananan ɗakuna har 2008. Daga nan Natalya 'yar Neidhart, da mijinta Tyson Kidd, da Harry ɗan Davey Boy suka fito.

In za ka nemi tsofaffin wasannin a intanet, fara da na Bret da Dynamite na tsakanin 1978 da 1980, sannan na Owen da Makhan Singh na 1987. Kada ka ce an yanke maka bidiyo in ka ga wasa ya fara daga tsakiya. Haka ake nuna shi tun asali, 'yan mintunan ƙarshe kawai ake sakawa a talabijin, wanda ke son ganin farko sai ya sayi tikiti ya je Pavilion daren Juma'a.